Tayar Hunturu da Motoci Masu Jan Baya a Jamus

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya.

Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan sai mota ɗaya ta mallaki taya kashi biyu, na lokacin zafi da na hunturu, ko dai dabarar 'yan kasuwa ce. In dai irin motar da kake so ce, BMW M2 ko Ford Mustang, mai ƙarfin inji kuma mai jan baya, wato wadda tayoyin baya ne ke jan ta, to gaskiya ne. Ni dai ba zan yarda wani nawa ya hau ta a Janairu da tayar da ta fito da ita daga kamfani ba.

Waɗannan motocin da tayar zafi suke zuwa, mai faɗi, wadda aka haɗa robarta don ta kama kwalta mai ɗumi. Da sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 sai robar ta fara tauri, in ya kai ga daskarewa kuwa ta koma kamar ƙirgi. Wani bakanike ya sa na danna farcena a kan biyun da sanyin safiya. Ta zafin ko gezau. Ta hunturun kuwa ta lotsa, ga ƙananan tsage-tsage birjik a kowane haƙori, waɗanda ke buɗewa su ciji ƙanƙara idan taya ta juya. Ka ga ko dusar ƙanƙara ba ta zuba ba, sanyin kaɗai ya isa ya rage wa tayar zafi riƙo.

Jan bayan ne ke ƙara dagula lamarin. A mota mai jan gaba, nauyin inji na kan tayoyin da ke ja, yana danne su a ƙasa. A mai jan baya babu wannan taimakon, ga kuma ƙarfi mai yawa da ke sauka kan taya biyu da zarar ka taɓa totur. Na ga wata irin wannan motar a birnin Munik, a wani ɗan hawa da bai taka kara ya karya ba. Fitila ta ba da hannu, tayoyin baya na juyawa a wuri ɗaya, gindin motar na karkata zuwa gefen titi a hankali, direban ya buɗe gilashi yana yi wa na bayansa alama su wuce. Na'urar hana zamiya da ke cikinta rage wuta kawai take iyawa, ba ta iya samar da riƙon da taya ba ta da shi. Kuma tashi ma da sauƙi, birki ne abin tsoro, don a nan ne ake rasa rai.

Dokar Jamus ba ta yanke rana ba. Cewa ta yi duk lokacin da akwai ƙanƙara ko santsinta a titi, dole ka kasance da tayar hunturu, in ba haka ba tarar Yuro 60 da maki ɗaya a kan lasisinka. Daga Oktoban 2024, sai mai tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki ake karɓa, tsohon rubutun M+S shi kaɗai ya daina wadatarwa. Jama'a sun saba sa ta daga Oktoba zuwa bikin Ista, wajen Maris ko Afrilu. A Kwibek ta Kanada sun fi tsanani: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris wajibi ne, ko titi a bushe yake. A Suwidin da Finlan har masu ƙusoshi ake sawa, amma a nan Jamus an hana su saboda suna cin kwalta.

Akwai ta tsakiya, wadda ake cewa ta kowane yanayi. Ga ƙaramar mota a cikin gari ba laifi. Ga mota mai wannan ƙarfin ban gamsu da ita ba, don ba ta kai ta zafi a Yuli ba, ba ta kai ta hunturu a Janairu ba. Cikin na hunturun ma akwai bambanci. Nokian Hakkapeliitta an yi ta ne don ƙanƙarar arewa mai tsanani, Michelin Pilot Alpin kuwa ta fi dacewa da titi mai sanyi da jiƙa da kuma gudun babbar hanya. In iyakar gudun tayar bai kai na motar ba, sai an manna 'yar takarda a gaban direba tana tuna masa.

Huɗu ake saya, Yaya. Wasu kan sa biyu a baya kawai, su ce ai nan ne jan yake. Sai motar ta tashi lafiya, a zo kwana a murza sitiyari ta miƙe abinta, tunda gaban bai kama komai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne hidimar. Yawanci kowane kashi da wilinsa, na hunturu ma kan ɗan fi siriri. Ka nemi rana a gareji, su kwance su ɗaura, su auna zurfin haƙora, su ajiye maka waɗanda aka cire a ɗakin ajiyarsu da lambar motarka har sanyi ya wuce. Doka ta ce kada zurfin haƙoran ya gaza milimita 1.6, amma ƙungiyar direbobi ta ADAC ta ce kada ta hunturu ta gaza 4. Sai dai a nemi ranar tun Satumba, don ranar da dusar farko ta sauka kowa gareji yake nufa.

A gaida Umma da yara.