Hattara da mai liƙa ginshiƙin ƙarfe a jikin tsohon bango

Jama'ar Yamai, musamman masu gidaje da shaguna a Wadata, Bukoki da Talaje, ina ja muku kunne game da wani mutum da ke yawo da sunan gwanin aikin ƙarfe. Sana'ar da yake tallatawa ita ce kafa rumfa ko ƙarin ɗaki da ginshiƙan ƙarfe a jikin ginin da ya riga ya tsaya. Ni ya cuce ni, kuma Allah ne kaɗai ya tsare ba a yi asarar rai a gidana ba.

Yana zuwa fes-fes, ma'auni a aljihu, wayarsa cike da hotunan ayyukan da daga baya na gane ba nasa ba ne. Farashinsa ƙasa da na kowa. Da na tambaye shi batun tona ramin tushe, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, don me za ka ɓarnatar da siminti? Wannan bangon naka ai dutse ne, shi zai ɗauki komai." Na miƙa masa jika 350 kafin alƙalami. Cikin kwana huɗu rumfa ta tsaya, ta sha fenti, har maƙwabta na zuwa kallo.

Iskar farkon damina ce ta tona asirinsa, irin jar ƙurar nan da ke riga ruwa isowa. Ta shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi, ginshiƙai biyu suka tumɓuke tare da ɓallin bango, suka kife daidai inda yarana ke shimfiɗa tabarma da maraice. Minti kaɗan kafin nan uwarsu ta kora su ɗaki.

Washegari na ɗauko wani dattijo mai walda da ya tsufa a aikin. Ya zura yatsa cikin ramin da kusa ta fita, birki ya riƙa marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ya tsinci kusar ya nuna mini: ƴar gajera ce mai rigar roba, irin wadda ake rataya labule da ita. Ya ce, "Ɗana, da wannan aka ɗaure maka rufin gida."

Abin da ya fahimtar da ni shi ne nake son kowa ya riƙe. Nauyin ginshiƙi ƙasa yake bi, ba bango ba. Dole ya tsaya kan farantin ƙarfe mai kauri, farantin kuma a ɗaure shi da noti a kan tushen kankare da aka zuba cikin rami, ƙarafan ɗaurin suna binne a ciki. Wannan ne ke hana iska cire shi, don rumfa ba danna ƙasa kawai take yi ba, in iska ta taso sama take ja. Kankare kuwa sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, to ina aikin kwana huɗu? Nawa ginshiƙan a kan daɓen tsakar gida aka ɗora su, aka tara ɗan siminti a gindi don rufe ido.

Ɗaurin da ake yi wa bango na hana ginshiƙi karkata ne kawai. Shi ma ba a ko'ina ake yin sa ba. Birkin siminti mai rami, mai kaurin santimita 15 ko 20, fatarsa siririya ce, kusa mai buɗewa fasa shi take yi. Ana neman ɗamarar kankare da magina ke kira shenaj, ko a huda bangon gaba ɗaya a sa faranti ta baya a matse, ko a yi amfani da gam na musamman na kafa kusa tare da ragar da ke riƙe shi a cikin ramin, bayan an busa ƙurar ramin ta fita tas. Kuma ramin faranti akan yi shi da ɗan tsawo, domin ƙarfe na miƙewa da zafi: mai tsawon mita 6 kan ƙaru da kusan milimita 3 in zafi ya hau da digiri 40, ga kuma ranar Yamai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, macucin nan ya fasa kusurwar ginshiƙin kankaren ɗakina ya yi walda a jikin ƙarfen ciki, ya shafe da siminti. Yanzu wurin ya tsage. Bututun da na biya kuɗin mai kaurin milimita 3, da muka yanka muka auna, ɗaya da rabi ne.

Lambarsa a kashe take tun daren. A kasuwar Katako na haɗu da mutum biyu da ya yi wa irin wannan, kowanne da sunan da ya ba shi daban. Mun kai ƙara komisariya tare. Duk wanda aka kafa wa rumfa bana ba tare da ya ga an tona rami da idonsa ba, don Allah ya kwashe iyalinsa daga ƙarƙashinta, ya kira wanda ya san aiki ya fasa simintin gindin ginshiƙi ɗaya ya duba, tun kafin hadari na gaba ya haɗo.