Gidan tarihin matan DAR a Washington, kyauta ne kuma ya cancanci a je

Duk wanda Allah ya kai shi Washington yana da awa biyu a hannu, idan ya gama ɗaukar hoto a gaban fadar White House dan Allah ya ɗan gangara ta titi na 17, zai ga wani farin gini mai manya-manyan ginshiƙai, hedikwatar ƙungiyar DAR ke nan (Daughters of the American Revolution, wato 'ya'ya mata na juyin juya halin Amurka), ƙofar baƙi tana lamba 1776 a titin D. Ƙungiyar mata ce zalla, kuma ba a shigarta sai mace ta kawo hujjar cewa a cikin kakanninta akwai wanda ya taimaka a yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka daga hannun Ingila. Gidan tarihin nasu kuwa na kowa ne, ko sisi ba a karɓa, sai dai ba sa buɗewa ran Lahadi.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai labarin matan ne ba kayan ba. A 1890 maza masu irin wannan ƙungiya suka ce su ba sa ɗaukar mata, sai matan suka ce to shi ke nan, suka kafa tasu, shugabarsu ta farko kuma ita ce Caroline Harrison matar shugaban ƙasa na lokacin, wadda ko shekara uku ba ta yi a kujerar ƙungiyar ba tarin fuka ya yi ajalinta a 1892. Amma gwanata Dakta Anita McGee ce. Lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya a 1898 sojoji na ta mutuwa da zazzaɓi a sansani fiye da yadda harsashi ke kashe su, ita ce ta zauna da sunan ƙungiyar tana tantance nas-nas mata da za a tura musu, kuma da ƙoƙarinta aka kafa rundunar nas ta sojan ƙasa a 1901. Wlh mace ɗaya ta yi abin da wani kwamitin zai shekara goma yana taro a kai.

Cikin ginin akwai ɗakuna 31, reshen wata jiha ne ke kula da kowanne, an shirya shi yadda gidajen mutanen da suke. Daga bakin ƙofa ake leƙawa, ba a taɓa komai. Ɗakin New Jersey ne ya fi riƙe ni, bango da kujeru da tebur duk baƙin katako mai nauyi, ashe daga wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Augusta da ya nutse a kogin Delaware a 1777 aka ciro shi, ya daɗe a ƙarƙashin ruwa shi ya sa ya yi duhu haka. Sai barguna na ɗinkin hannu, an harhaɗa ƙyallaye ƙanana-ƙanana, idan ka matso kusa ka ga zaren a jere kamar aikin hular zanna bukar. Laburaren bincike kan asalin dangi ma yana nan a tsohon zauren taronsu, ko ba karatu za ka yi ba ka leƙa ka ga rufin.

To amma fa ƙungiyar na da tabo, kuma bai kamata a je ba a sani ba. A 1939 sun hana mawaƙiya Marian Anderson waƙa a babban zaurensu na Constitution Hall saboda baƙa ce, har Eleanor Roosevelt matar shugaban ƙasa na lokacin ta fice daga ƙungiyar, aka mayar da wasan gaban gunkin tsohon shugaban ƙasa Lincoln, mutum wajen 75,000 suka taru. Daga baya a 1943 ta yi waƙa a zauren, yanzu kuma akwai baƙaƙe a cikin membobinsu, sai dai ni a matsayina na baƙar fata da wannan a zuciyata na zagaya, kuma bai hana ni yaba aikin McGee ba.

Akwai ɗan shago na littattafai da katuna da kayan ado idan kana son tsaraba. Shawarata ka bi mai zagayawa da baƙi kar ka tafi kai kaɗai, dan rabin daɗin wurin a bakinsu yake, masu yara kuma su tambayi ɗakin kayan wasan yara na New Hampshire, yana can sama.