Daga Lyon zuwa Yamai: sana'ar metir da kayan aikinsa a Faransa

Assalamu alaikum malamanmu da ƙannenmu na Yamai masu koyar da judo, karate da taekwondo. Tambayar da ta fi yawan iso mana ita ce: wanda ya kai dan 2 ko dan 3 (matakan baƙar ɗamara) a gida, in ya zo Faransa, zai iya buɗe kulob ya ci abinci da sana'ar? Zai iya, amma ba da baƙar ɗamara kaɗai ba.

A gida, ɗamarar mutum da sunan wanda ya koya masa da yaran da ya fitar su ne shaidarsa. Nan kuwa doka ta raba iya faɗa da iya koyarwa. Sashe na L212-1 na dokar wasanni ya hana kowa karɓar ko dala don koyar da wasa sai yana da difloma da gwamnati ta amince da ita. Wanda ya karya, hukuncinsa yana iya kai ɗaurin shekara 1 da tarar euro 15,000, wato kusan sefa miliyan 10. Akwai takardun da hukumomin wasan suke bayarwa da kansu, kamar DIF a karate da taekwondo, amma na aikin sa kai ne, ba a biyan mutum da su. Wadda ake fara cin abinci da ita ita ce CQP, ta aikin ɗan lokaci. Sama da ita BPJEPS, karatun kimanin shekara guda, wani sashe a cibiyar horo irin CREPS, wani a cikin kulob ƙarƙashin idon wani malami. DEJEPS ta masu horar da ƴan gasa ce. Kafin duk wannan ana neman takardar agajin gaggawa, kwas ɗin yini ɗaya na awa 7. Bayan difloma sai katin sana'a, ana sabunta shi duk shekara 5, kuma ba a ba da shi sai an duba ko kotu ta taɓa hukunta mutum, musamman kan abin da ya shafi yara.

Inda ƴan'uwanmu suka fi tuntuɓe shi ne wajen dan ɗin kansa. A Faransa kwamiti na musamman na kowace hukuma ne kawai yake da ikon ba da dan, don haka wanda aka samo a waje sai an shigar da takardu an nemi a daidaita shi. Hoton ɗamara ba hujja ba ne. Ku zo da takardar asali, da littafin ɗan wasa mai hatimi da kwanan watan kowace jarrabawa. Ku kula da rubutun suna: in fasfo ya ce Mahamadou, takardar dan ta ce Mamadou, aiki ya tsaya ke nan har a gyara. Ƴan taekwondo su yi ƙoƙarin samun takardar Kukkiwon, hedkwatar taekwondo ta duniya da ke Seoul, tun suna gida. Ƙa'idarta a fili take: shekara 1 tsakanin dan 1 da dan 2, shekara 2 zuwa dan 3, shekara 3 zuwa dan 4, yaro ƙasa da shekara 15 kuma poom, wato matakin yara, ake ba shi, ba dan ba. Wanda kwanakin takardunsa suka nuna ya tsallake wannan jira, shi ya jawo wa kansa tambaya.

Shi aikin fa? Yawancin kulob ƙungiyoyi ne na iyaye da masu sa kai, a ƙarƙashin dokar 1901. Ma'aikatar magajin gari ce take ba su aron ɗakin horo na wasu awoyi a mako. Ana yin rajista a Satumba, a rufe a ƙarshen Yuni. Yara suna lakkol da rana, saboda haka awoyin koyarwa na yamma ne, da Laraba bayan azahar, da Asabar. Shi ya sa malami yakan haɗa kulob biyu ko uku, yana tsere tsakaninsu a bas, ko kuma ya riƙe wani aikin da safe. Kada wani ya sayar da babur ɗinsa ya taho da tunanin albashi mai tsoka. Abin da ya fi namu shi ne inshora: kowane ɗan wasa yana sayen lasisin shekara, kimanin euro 40 zuwa 50, kuma in ya karye a horo akwai inda za a dosa. A gida metir, wato malamin wasan, shi ne yake ɗaukar yaro zuwa likita, sau da yawa daga aljihunsa.

Sai batun kaya, don tun da ɗan taekwondo na Nijar Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a gasar Olympics ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju a 2017, saƙon "a turo mana kayan aiki" bai yanke ba.

Kimono, wato rigar wasa, na ɗan koyo yana da araha a shaguna irin Decathlon, kuma girmansa da tsayin mutum ake aunawa: 120, 130, 140, har 200. Auduga ce, tana tsukewa a wankin farko, don haka ku ƙara santimita 10 a kan tsayin yaro. Na gasar judo ta duniya nauyinsa giram 650 zuwa 750 ne a kowane murabba'in mita, kuɗinsa ya wuce euro 100, kuma a zafin Afrilu na Yamai azaba ce kawai. Na horo mai sauƙi ya wadatar. Rigar taekwondo da ta karate ba sai an turo ba, tela na Babbar Kasuwa zai ɗinka in an ba shi samfuri da yadi mai kauri. Ta judo ce take ba tela wuya, saboda ita ake cafka ana ja: wuyan rigar sai an naɗe shi ninki-ninki an bi da ɗinki layi biyar ko shida, a ƙara ƙyalle a hammata da gwiwa. In ba haka ba, a mako na farko za ta yage daga kafaɗa.

Shimfiɗa ita ce babbar magana. Tatami na judo mita 2 ne a kan mita 1, kaurinsa santimita 4 ko 5, yana da nauyi, kuɗin jirgin ruwa da na mota daga tashar teku yakan kai na sayensa. Mutane sai su koma ga tabarmar roba mai haƙora, mita 1 a kan mita 1, kauri santimita 2. Wannan ta taekwondo da karate ce, inda ƙafa take neman wurin tsayawa. A shimfiɗa ta kan siminti a yi ta kayar da yara, ƙugu da kafaɗa ne za su biya. Rana kuma tana kumbura ta har haƙoran su buɗe, yatsan ƙafa ya faɗa ciki, ƙurar hunturu ta mayar da ita santsi. A shimfiɗa ta a inuwa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma kafin kowane horo. Kulob ɗin da ba shi da halin tatami ya dubi ƴan kokowa, waɗanda suke faɗuwa kan yashi a gasar Takobi tun ta farko a Tawa a 1975: yashi mai zurfin santimita 30, an tankaɗe tsakuwa, ana kaftarsa da shebur don kada ya daskare, ya fi siririyar roba aminci wajen koyon faɗuwa.

Sulken lantarki na taekwondo na kamfanin Daedo ko KP&P ba kayan kulob ba ne. Yana tafiya da safa mai na'ura, da kwamfuta, da caji, kuma in ya lalace ba mai gyara a unguwa. Wannan a bar wa hukuma da manyan gasa na Académie des Arts Martiaux ta Yamai. Abin da ya cancanci gurbi a akwatin mai zuwa hutu shi ne hular kare kai, robar haƙori, kariyar ƙwauri da ta gaba, da faifan dukan ƙafa. Ku faɗa wa mai sayowa ya matsa soson hular da yatsa: in bai dawo nan take ba, ya mutu. Robar haƙori kuwa kowane yaro da tasa, a tsoma ta a ruwan zafi na ɗan lokaci, a bari ta ɗan huce, ya cije ta har ta ɗauki siffar bakinsa.