Injin murɗa turakun harsashi na Digga: abin da yake iyawa da inda yake gazawa

Turken harsashi mai murɗi bututun ƙarfe ne da aka yi wa waldar faifai ɗaya ko fiye a gindinsa, ana murɗa shi cikin ƙasa kamar sukuru a katako. Ba a haƙa rami, ba a kwaɓa kankare, kuma ranar da aka kafa shi za a iya ɗora masa kaya. Injiniya ɗan ƙasar Ayalan, Alexander Mitchell, shi ya yi rajistar dabarar a 1833 domin hasumiyoyin fitila na bakin teku. Yau da ita ake kafa farantan sola, shinge, gidan kwantena da ƙananan gadoji. Sai dai ingancin aikin ya rataya ne a kan injin da ke murɗa turken, shi ya sa muka duba wanda kamfanin Digga na Ostireliya ke ƙerawa.

Digga ya fara aiki a 1981, kuma yana yin injina iri biyu da suka yi kama a ido: na haƙa rami da na murɗa turke. Nan masu saye suka fi yin kuskure. Na haƙa rami an yi shi don sauri. Na turke kuwa motar haidurolik ce haɗe da giyabos mai rage gudu ya ƙara ƙarfi, har juyawar ta sauko tsakanin 10 zuwa 20 a minti. Haka turke ke so. Faifansa yakan shiga milimita 76 a kowane juyi, don haka a juyi 15 turke mai mita 3 zai nutse cikin kamar minti uku. In an yi gaggawa, faifan ya daina bin zarensa ya koma dama ƙasa, ƙasar da aka dama kuwa ba ta riƙe kaya.

Abin da ya fi burge mu shi ne bawul ɗin da suke kira ECV. Turken da ake murɗawa da ƙarfi yana tara murɗi a jikinsa, da direba ya saki hannu sai ya warware baya a guje, ya jefa mai cikin motar haidurolik ɗin da ƙarfin da ke iya lalata ta. Wannan bawul yana sassauta dawowar. Injin haƙa rami na yau da kullum ba shi da wannan kariya, shi ya sa wanda ya ara shi don kafa turaku yakan ƙare wajen bakanike.

Akwai kuma zoben fitilu mai suna Halo: kore in turke ya miƙe cir, ja in ya karkata. Yana rage wahala, amma yaro mai lura da lebur (ma'aunin duba miƙewa) a hannu zai yi aikin.

Kafin zaɓen girman inji a yi lissafi, domin ƙarfin murɗin da turke ya ci a ƙarshe shi ke faɗin nauyin da zai ɗauka. Masu bincike biyu, Hoyt da Clemence, ne suka fito da alƙaluman a 1989. Ga bututu mai faɗin milimita 89 ana ninka ƙarfin murɗin da 23 a sami nauyin da zai iya ɗauka. Ga mai milimita 73 an saba amfani da kusan 30. A ce kowane turke zai ɗauki tan 5. Ana ninka shi biyu don kariya, ya zama tan 10, wato kusan kilonyuton (kN) 100 a ma'aunin ƙarfi. A raba da 23, sai a sami kilonyuton-mita 4.35, wato 4,350 Nm (nyuton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗi), murɗin da turken ke buƙata ke nan. Injin da iyakarsa 5,000 Nm zai yi ta nishi a wannan aiki, mai 7,000 zuwa 10,000 shi ya dace. Wanda ya zarce haka kuma haɗari ne in ba a sa ido, domin kowane turke yana da iyakar murɗin da mai ƙera shi ya rubuta. In an wuce ta, ramukan noti na inda ake haɗa bututun su yage, ko bututun ya murɗe a ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani.

Saboda haka ba mu yarda a sayi injin ba tare da ma'aunin murɗi ba, ko da dila ya ce za a yi ragi. Mafi arha shi ne geji biyu na matsin mai, ɗaya a tiyon shiga ɗaya a na fita, a cire wannan daga wancan a duba jadawalin kamfani. Geji ɗaya yana ruɗi, don yana haɗawa da matsin da ke komawa tanki, sai ya nuna ƙarfin da bai kai ga turke ba. Mafi inganci shi ne ma'aunin lantarki da ake ɗaurawa tsakanin inji da turke. Ko wanne aka ɗauka, a riƙa rubuta karatun a kowane rabin mita, a yi hukunci da matsakaicin mita ɗaya na ƙarshe.

Injin ba ya aiki shi kaɗai, daga motar haƙa yake shan man haidurolik. Matsin man shi ke ba da ƙarfi, yawan gudunsa shi ke ba da sauri. Injin da aka auna a bar 240 (bar ma'aunin matsi ne), in motar haƙar ba ta wuce 180 ba, kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa za a samu. Murɗi na 10,000 Nm a juyi 15 yana cin kusan kilowat 16, wato sai motar da ke tura kamar lita 60 a minti a bar 200. Tsohuwar mota ta hannu da famfonta ya gaji ba za ta ba da abin da ke rubuce a jikinta ba, a sa geji a gwada kafin a biya kuɗi. Dole layin mai ya iya juyawa gaba da baya, na hamar fasa dutse hanya ɗaya yake bi. Nauyin motar ma yana da muhimmanci, domin hannunta ne ke danna turken ya ci gaba da bin zarensa.

A ƙasar fadama da baƙar laka irin ta yankin Tafkin Chadi, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani, wannan inji ya cancanci kuɗinsa, muddin an sauke faifan ƙasa da inda danshi ke sauyawa, kuma zurfinsa ya kai aƙalla ninki biyar na faɗinsa. A kan marmara labari ya sha bamban. Turke zai tsaya yana juyawa wuri ɗaya, ƙarin ƙarfi kuma sai dai ya lanƙwasa faifan ya kankare rufin da ke hana tsatsa. Maganin shi ne a fara huda siririn rami wanda bai kai faɗin faifan ba. In dutse ne shimfiɗe kusa da sama, a haƙura a koma kankare.

Inda muke da ƙorafi shi ne tsada da kayan gyara. Ana shigo da shi ne da kuɗin waje, don haka a haɗa odar da sil (robar hana yoyon mai) na ajiya, fin (sandar ƙarfe ta maƙala inji) da mahaɗin da ya dace da bakin turakun da za a yi aiki da su. Ƙurar hunturu tana shiga ta bakin tiyo ta ci motar haidurolik ta injin, sai a riƙa gogewa a rufe shi duk lokacin da aka cire. Mai turaku ashirin ko talatin gara ya ɗauki haya tare da direba, ya kuma sa a yarjejeniya cewa za a miƙa masa takardar karatun murɗi ta kowane turke kafin ya cika kuɗi.