Yawon rana ɗaya a Alƙahira da kamfanin yawon buɗe ido, ga yadda ta kaya

Toh jama'a masu tambaya ko ya cancanci mutum ya biya kamfani ya haɗa shi da wasu a zaga da su Alƙahira, ko kuwa ya kama tasi ya yi gaban kansa, ni dai na biya na bi, kuma hukuncina shi ne ba laifi amma akwai abin da ya ɓata min rai.

Da sassafe bas ta zo otal ta ɗauke mu, mai sanyi ce tsaf da ruwan roba kyauta, ƙungiyar tamu kuwa gauraye ce, ga wasu 'yan Indunusiya, ga tsofaffin Turawa mata da miji, sai ni da abokina. Jagoranmu Bamisire ne, yana Turanci yana Larabci, da ya ji muna Hausa sai ya ce ai ya san 'yan Najeriya da yawa masu karatu a Azhar.

Giza aka fara, inda manyan gine-ginen dala na fir'aunoni suke. Wlh hoto ba ya nuna girman abin nan, dalar Khufu kaɗai asalin tsawonta ya kai kusan mita 146, an gina ta shekara wajen 4,500 da suka wuce, kuma in ka tsaya a gindinta dutse ɗaya na layin ƙasa ya kusa kai maka ƙirji. Anan ne na ga amfanin jagora, don masu raƙuma da dawakai da masu tallan rawani ba sa barin mutum ya sha iska, wani zai ɗora maka rawani a kai yana cewa kyauta ne, kana ɗaukar hoto sai zancen bakshish, wato ɗan na goro, ya taso. Jagoranmu tun a cikin mota ya ja mana kunne, ya ce duk wanda zai hau raƙumi a gama ciniki tukuna har da kuɗin saukowa, muka yi ta dariya ashe da gaske yake. Shiga cikin dala tikiti ne daban ba ya cikin kuɗin da muka biya, abokina ya shiga ya fito jiƙe sharkaf da zufa yana cewa hanya ce matsattsiya a sunkuye ake hawa, ƙarshenta ɗaki ne da akwatin dutse babu komai a ciki. Abul Haul kuma, ƙaton mutum-mutumin nan mai jikin zaki da kan mutum, minti kaɗan aka ba mu, hoto kawai sai mota.

Daga nan ne abin ya fara lalacewa. Aka kai mu shagon takardar papirus wai a nuna mana yadda ake yinta, nunin kansa na da kyau, ana yanka karan sirara a jiƙa a jera a danne, amma bai fi minti biyar ba sauran duk talla ne. Muna fita sai shagon turare, shayi kyauta, ana ta shafa mana a hannu har na daina bambance ƙamshi, lokacin da muka ɓata a shagunan nan biyu ya fi wanda muka yi a gaban dala, kuma kowa ya san akwai kamasho a ciki.

Abincin rana koshari ne, shinkafa da taliya da adas (wani ɗan ƙaramin wake) da miyar tumatir da soyayyar albasa a sama, kamar garau-garau ne da ya je makaranta. Na ƙara yaji na cinye tas.

Abin da ya fi damuna shi ne gidan tarihi. Na dandalin Tahrir aka kai mu, wanda aka buɗe tun 1902, kaya cike maƙil, amma ni da abokina gawarwakin fir'aunoni muka so gani, sai a can jagora yake gaya mana tun Afrilun 2021 aka kwashe guda 22 har da Ramsis na biyu zuwa sabon gidan tarihi da ke unguwar Fustat, kuma wannan ba ya cikin jerin wuraren da za a kai mu. Takardar tallan kamfanin gidan tarihi kawai ta ce ba ta fayyace wanne ba. Na tambaye shi wanne ne Fir'aunan Annabi Musa, ya ce masana ba su haɗu a kan ɗaya ba, wasu na cewa Ramsis wasu ɗansa Marnafta, na ji daɗi da bai yi mana ƙarya ba.

Da yamma aka sauke mu kasuwar Khan Khalili, mu dai muka roƙi alfarma muka tsallaka masallacin Azhar muka yi la'asar, farin marmaran tsakar gidan nan da sanyi a ƙafa, ginin tun wajen shekarar 970 yake. Kasuwar kuma sai ciniki, duk farashin da aka faɗa maka ka taya ƙasa da rabi.

Tauraro uku cikin biyar zan ba su. Wanda zai bi ya sa a rubuta masa sunan kowane wuri kafin ya biya, ya kuma tambaya ko akwai tsayawa a shago, in da hali ya ƙara kuɗi a sa masa Fustat.