Yaya, kafin a shimfiɗa pabe bisa daɓen tsakar gida

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Inna da kyau, ina gaida matan gida da yara. Mu nan Liyon lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Na ga bidiyon da ka turo ta WhatsApp, na Baturen da ke jera pabe, wato duwatsun siminti da ake shimfiɗawa a ƙasa, bisa tsohon daɓen siminti bai fasa komai ba, na kuma ji tambayarka ko a yi haka a tsakar gidanmu na Birni. Tunda da wannan aikin nake ci a nan, bari in ba ka amsa a tsanake. Ana yin sa, mu ma muna yi. Sai dai abin da ke sa a yi shi a Faransa ba ya nan a Damagaram.

A nan hannun mutum ya fi kaya tsada. Mafi ƙarancin ladan lebura ya haura yuro 11 a awa, yuro ɗaya kuwa sefa 655 ne da ɗoriya, ka ga ya wuce jikka 7 ke nan a awa guda, tun kamfani bai ɗora haraji da ribarsa ba. In za a fasa daɓe sai an yi hayar injin fasawa, a kawo mota ta kwashe baraguzan, a kai su wurin da aka keɓe, kamfani kuma ya biya kuɗin zubarwa. Wanda ya juye su a bayan gari tara ce ke jiran sa. Shi ya sa mai gida in ya ji an ce za a iya barin daɓen a yi shimfiɗa a kansa, sai ka ga fuskarsa ta saki. A gida fa? Samari biyu da guduma da diga sun gama da shi, baraguzan kuma tun ba su kai ƙofar zaure ba maƙwabci zai aiko yaro da amalanke, yana so ya cike inda ruwa ya zaizaye masa ƙofar gida. Abin da Bature ke gudu, mu a wurinmu shi ne mafi sauƙi a duk aikin.

Da na je duba aiki, kafin in dubi daɓen, dokin ƙofa nake fara aunawa. Pabe na tafiyar ƙafa kaurinsa santimita 6 ne, inda mota za ta hau kuma 8 ake sa wa. Ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar yashi ta kamar santimita 3. Tsakar gida ta ɗagu da santimita 9 ke nan. To ka tuna ɗakin Inna, da ƙyar dokin ƙofarsa ya fi daɓen yanzu da faɗin tafin hannu. In aka ɗaga waje aka bar ciki yadda yake, ruwan farko na watan Agusta a ƙarƙashin gadonta zai kwana. Ƙofar ƙarfen ɗakin ajiya ma waje take buɗewa, za ta ci ƙasa. Ga rariya, wadda aka huda a gindin katanga daidai da tsohon daɓe: sabuwar shimfiɗa za ta toshe mata baki, sai dai a sake hudawa sama.

Maganar ruwa ita ce babba. Pabe ba ya hana ruwa shiga, ta tsakankanin duwatsun yake bi ya sauka cikin yashi. In ƙasa ce a ƙarƙashi sai ta shanye. In siminti ne, ya zama daro, ruwan ya zauna ba shi da mafita, yashin ya jiƙe ya yi laushi, ka taka dutse ka ji yana rawa yana feso maka ruwa a ƙafa. A nan abin da ke biyo baya ƙanƙara ce: ruwan ya daskare da hunturu, ya kumbura, ya ɗaga duwatsun. Mu ba mu da wannan matsalar, amma muna da katangar ƙasa, kuma ka san yadda danshi ke cin gindinta a ɓoye har ranar da za ta zauna. Yi lissafi ka gani. In tsakar gidan murabba'in mita 40 ce, aka yi ruwa milimita 30 a dare ɗaya, lita 1,200 ke nan, tano 6 cike, ban da abin da indararo ke zubowa daga rufin ɗakuna. Duk wannan dole ya sami hanyar fita da sauri.

Don haka a nan ba ma ɗora komai sai daɓen yana da gangare na kamar santimita 2 a kowane mita, daga jikin ɗaki zuwa magudana. Yashi ba ya gyara gangaren da babu shi. Inda ruwa ke taruwa mukan huda daɓen da inji mu cika ramukan da tsakuwa, mu shimfiɗa wani yadi na musamman mai barin ruwa ya wuce ya riƙe yashi. Amma hudawa tana da amfani ne in ƙasan tana sha, Birni kuwa ka san ta, dutse ne ko'ina. Gefe-gefe kuma sai an kafa jerin ƙarshe da kwaɓin siminti, in ba haka ba duwatsun su yi ta buɗewa suna gudu.

Shi kansa daɓen, ka ɗauki taɓarya ka bi shi da bugu a hankali. Inda ya amsa da ƙarfi yana zaune. Inda ka ji ƙarar holoƙo, ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinsa. Siririn tsagu kamar zare ba komai ba ne. Amma wannan tsagun na wajen bishiyar dogon yaro, da na bari gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, saiwa ce ke turo shi, kuma ba za ta daina ba don an rufe ta da ado.

Kaya kam, gaskiya Turawa sun fi mu tsari. Ka shiga shagon kayan gini irin Leroy Merlin ko Point.P, kowane pabe da takardarsa: kauri, nauyi, farashin murabba'in mita, da lambar ƙa'idar da aka gwada shi a kai, EN 1338. Mai faɗin santimita 10 da tsawon 20, guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya, kuma na farko da na dubu duk girmansu ɗaya. Mota mai ƙugiya ce ke sauke maka a ƙofa. Injin dannawa haya ake yi na yini. Buhun siminti kilo 35 ne ko 25, ba 50 irin namu ba, don a tausaya wa bayan lebura. Yashi ma a buhu ake sayar da shi, an tace, an rubuta girman ƙwayarsa. Ɗan Damagaram ya tsaya a layi yana biyan kuɗin yashi! Kada ka gaya wa Inna, dariya za ta yi mini.

Wajen hidima kuwa kowa da nasa. Magini a nan ba ya taɓa aiki sai ya rubuto takardar farashi dalla-dalla an sa hannu, kuma alhakin ƙwarin gini yana wuyansa shekara 10, tun dokar 1978 ma da inshorar dole. Amma sai ka yi makonni kana jiran ya zo ya duba kawai, babu ciniki, babu "a kawo sauran in an samu". Namu ka aika da magariba, da hantsi yana zaure da cebur ɗinsa.

Inda nake jin tsoro shi ne pabe na gida. Ba siminti ne matsalar ba, na Malbaza da na Dangote duk suna aiki. Hannun mai bugawa ne. Wani ya ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya kamata buhu biyu su fitar, ya haɗa da rairayi mai laushi a maimakon yashi mai gautsi, ya shanya a rana. Siminti kuwa ruwa yake so bayan an buga: a yi ta ba shi aƙalla mako guda a inuwa, ƙarfinsa kuma sai ya kai kwana 28 yake cika. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka, wa zai shayar da dutse mako guda in ba a tsaya a kansa ba? In ka je saye ka ɗauki biyu ka gwara. Mai kyau ƙara yake yi tas, marar kyau ya yi ɗif, gefensa ya marmashe. Ka karce shi da ƙusa, in ya zubo gari ka ajiye. Ka kuma tuna tsintsiya safe da yamma za ta riƙa kwashe yashin tsakani, tururuwa ta kwashe saura, sai an riƙa ƙarawa. Wurin turmi da wurin wanke-wanke a bar su da siminti zalla.

Ni a ganina a fasa. A sauke ƙasan yadda saman pabe zai tsaya ƙasa da dokin ƙofofi, a datse saiwar nan, a mayar da dakakkun baraguzan a danne su da kyau su zama gindi, sannan yashi da duwatsu. Zaure ne kaɗai zan yarda a ɗora bisa tsohon daɓe, tunda yana da rufi kuma ƙofarsa da tudu. A fara bayan kaka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin in turo kuɗi, ka sa yara su kwarara bokiti uku na ruwa a tsakiyar gidan ka ɗauko mini bidiyon inda ya bi da inda ya tsaya. Ka auna mini tsayin dokin kowace ƙofa daga daɓe, da na bakin rariya, da tsawo da faɗin filin. Ka kuma tambayo farashin mita a wurin masu bugawa biyu ko uku, kowa ya faɗa maka guda nawa yake fitarwa a buhu.

Ƙaninka.