Asibitin dabbobin da ya gano ciwon Zaki, da kujerar da kafinta ya haɗa mana

Zaki karen gadina ne, jinsin Alseshan, irin na Jamus, kuma shekararsa 4 a gidanmu a Kaduna. Bayan damina ya fara dawo da abinci. Yana gama ci, sai ya ɗan taka, ya sunkuyar da kai, abincin ya zubo yadda ya shiga, wani lokaci a mulmule kamar an cusa shi a gora. Wata biyu ina ba shi maganin tsutsa da maganin amai da na saya a shagon magungunan dabbobi, shi kuwa sai ramewa yake, har haƙarƙarinsa ana ƙirgawa. Da tari ya shigo ciki ne na ɗauke shi zuwa wani asibitin dabbobi mai zaman kansa.

Abin da ya sa nake yaba wurin nan shi ne tambayar farko da likitar ta yi mini, tun kafin ta taɓa karen. Ta ce, "Malam, yana kakari kafin abin ya fito? Cikinsa yana motsi?" Na ce a'a, Likita, zubowa kawai yake. Ta ce to wannan ba amai ba ne, tumbuɗi ne, irin na jarirai. Amai daga ciki yake tasowa, da yunƙuri da tashin zuciya. Tumbuɗi kuwa abincin bai ma isa cikin ba, a hanya ya tsaya. Wata biyu ina maganin abin da ba shi ne ciwon ba, ita kuwa cikin minti biyar ta kama bakin zaren.

Aka yi masa hoton ƙirji. Ta nuna mini bututun da ke kai abinci daga maƙoshi zuwa ciki, ya buɗe ya saki kamar tsohuwar safa, cike da iska. Sunan ciwon megaesofagus. A lafiyayyen kare bututun nan matsewa yake yana tura loma ƙasa. Na Zaki ya daina. Ta zauna ta yi mini bayanin musabbabi ba tare da gaggawa ba. Wasu da shi ake haifarsu, sai an yaye su daga nono an fara ba su abinci mai ƙarfi yake bayyana, kuma Alseshan na cikin jinsunan da ya fi kamawa. Wanda ya samu kare da girmansa kuwa, yakan biyo bayan ciwon raunin tsoka da ake kira mayasteniya, ko ciwon Addison na ƙarancin wasu sinadarai da jiki ke samarwa, ko gubar dalma, ko gubar maganin ƙwari. Ta tambaye ni ko akwai tsohon batirin mota a inda yake kwana, saboda dalmar da ke cikinsa. Ta kuma sa aka duba kashinsa saboda wata tsutsa da kare ke samu idan ya ci buzuzu ko ƙadangare, wadda ke yin ƙullutu a bututun har ta tare hanya. Ba a same ta ba. Sau da yawa, in ji ta, ana gama bincike ba a gano dalili ba, kuma namu haka ya kasance.

Tarin nan shi ne ya fi tayar mata da hankali. Abincin da ke dawowa yana ƙware shi, yana faɗawa huhu, kuma ciwon huhun ne ya fi kashe karnuka masu wannan lalura. Ta ɗora shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ce duk ranar da na ga zazzaɓi, ko numfashi sama-sama, ko majina a hanci, kada in jira gari ya waye.

Bututun kansa ba ta yi mini alkawarin zai warke ba, kuma na ji daɗin wannan gaskiyar. Dabara ce kawai: a ciyar da shi a tsaye, nauyin abincin ya kai shi ciki. Ta nuna mini hoton kujerar Bailey, wadda aka sa wa sunan wani kare a Amurka da masu shi suka fara ƙera masa ita. Na kai wa kafintan unguwarmu hoton da awon Zaki, ya haɗa akwatin katako mai ƙofa da tire a gaba, muka shimfiɗa soso a ciki. Yana zama a kan ɗuwawunsa, ƙafafun gaba a kan tire. Ina ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau 4 a rana, ya ci gaba da zama minti 20 bayan ya gama. Mun gwada mai ruwa-ruwa kamar kunu bai karɓe shi ba, sai da muka koma dunƙule shinkafa da niƙaƙƙen nama ƙanana, ƙasa da ƙwallon fura. Ruwa ma a kujerar yake sha.

Inda wurin ya gaza, zan faɗa. Ba su da injin hoto, sai da na ɗauki kare mai tari na ratsa gari da shi na dawo. Gwajin jinin mayasteniya ma ba sa yi, alhali da shi ne dalilin, akwai magani mai suna pyridostigmine da ke taimakawa. Na kuma yi zaman jira kusan awa biyu, kuɗin kuma ba na wasa ba ne.

Duk da haka can zan koma, can kuma nake tura masu karen gadi da abokaina mafarauta. In za ka je, ɗauki bidiyon karen a waya lokacin da abincin ke fitowa, zai rage maka dogon bayani. Zaki ya mayar da jikinsa, tumbuɗin ya koma jefi-jefi, kuma yanzu da ya ji ƙarar kwano shi da kansa yake ja da baya ya shige kujerar.